Ƙofar Injin Wankin Amarya

A rumfar 'yan kabu-kabu ta bakin kasuwa na ji su: wata hajiya riƙe da guduma cikin leda, da wani dattijo zaune bisa buhu.

"Hajiya, lahiya da guduma?"

"Ina lahiya, Malam! Injin wanki ya riƙe mini tufafi tun safe, ƙofa ta ƙiya buɗewa. Yau sai na fasa ta."

"Kada ki fasa. Da ruwa cikinshi?"

"Cike. An ɗauke ruwan pampo, sai na zuba mishi ruwan gulbi da bokiti."

"To makullin lahiya lau yake. Yashi ne ya toshe mafitar ruwa, kuma in da ruwa ciki ba ya sakin ƙofa. Ki cire injin daga kuran, wato wutar lantarki. Can ƙasa akwai ɗan murfi, ki tara roba, ki murɗe a hankali. In ruwan ya tsiyaye, ki wanke yashin, ki ɗan jira, za ki ji ƙas."

"Shi ke nan? Allah shi saka da alheri! Wallahi ka rufa mini asiri. Injin ba nawa ba ne, na kayan ɗakin ɗiyata Rauda ne, jibi za a kai ta. Gwadawa kawai na yi, babanta bai sani ba. Ina shagonka, in aiko mutane?"

"Albasa nake saidawa, Hajiya."

"To ina ka san duk wannan?"

"Na matata na fasa bara, da taɓarya. Har yau ni ka wankin gidan da hannu."