Ruwan Kara a Robar Tsamiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Tsanyawa.

Ƙanin mijina ɗalibi ne a jami'a. Ya zo hutu da aikin makaranta. Yana daddatsa karan dawa, ya jiƙa shi a ruwan asid ya dafa, wai sai karan ya saki sukarinsa a yi man mota da shi. Ruwan da ya tace ja ne, sak jiƙon tsamiya, kuma a irin robar da nake jiƙa tsamiya ya zuba shi, ya ajiye a bakin madafa.

Rannan da safe uwar mijina tana dama kunu, ga shi idonta ba ya gani sosai. Ina fitowa daga ɗaki na tarar ta ɗaga robar za ta tsiyaya a kunun da duk gida za mu sha. Na kwarma ihu: "Inna, ajiye! Ba tsamiya ba ce!" Ɗan abin da ya fallatsa a zaninta, washegari wurin ya huje.

Da na yi magana, maigida ya ce kada in hana yaro karatu.

Malam, don Allah a tambaya mana masana. Ina ake zubar da wannan ruwa, ga rijiya ga awaki? Kuma wa zai ja wa ɗalibin nan kunne? Tun da 'ya'yana suka ji an ce akwai sukari a ciki, ba sa nisa da robar nan.