Shayi da Gishiri a Fadar Ɗanƙarami

Ɗanƙarami: Alo, Yaya Barira? Ina wuni? Ya Mirriya?

Barira: Lafiya lau. Ya Inno, ya ƙafar tata?

Ɗanƙarami: Da sauƙi. Ya yara, ya maigidan?

Barira: Alhamdu lillahi. Kai da ba ka kira sai da dalili, me ka ɓaro?

Ɗanƙarami: Wallahi tallahi ba za ki yarda ba. Aikin nan da kika nuna mini a waya, na duba amsoshin na'ura a ce daidai ko kuskure...

Barira: Alo? Rezo ya ɗauke. Ka ce me?

Ɗanƙarami: Na ce na gama da shi! Ai ba ya da shugaba, in bakin masu dubawa ya zo ɗaya sai a biya. Sai na shigar da 'yan fadarmu duka, samarin da muke zaman hira tare. Muna shan shayi muna danna “daidai”, ko karantawa ba ma yi.

Barira: Inna lillahi! Kuɗin jinginar da ake ajiyewa kafin a fara aikin fa, ina ka samo?

Ɗanƙarami: Babur ɗina na kabu-kabu na ba Illa ya riƙe, ya ba ni kuɗin. Wata ɗaya in karɓi abina. Ke kina can kina ƙure ido har kanki ya yi ciwo. Ni da kuka ce na gudu daga lakwal ban gama karatu ba, ga shi na fi injiniyoyinsu wayo!

Barira: Ban gaya maka suna cusa tambayar tarko ba? Wanda ya yi ƙarya a yanke masa jingina?

Ɗanƙarami: Tarkon me? Ni fa Ɗanƙarami ne!

Barira: To jiya an turo mini wata amsa in sake dubawa. Na'ura ta ce a Damagaram gishiri ake zuba wa shayi, ba sukari ba. Mutum goma sha ɗaya suka ce daidai.

Ɗanƙarami: Kai! Waɗanne sakarkaru ne waɗannan?

Barira: Ku nawa ne a fadar?

Ɗanƙarami: Mu goma sha... Tsaya, saƙo ya shigo. Yaya! Sun kwashe jinginar! Wai rabi na wanda ya gano ƙaryar ne.

Barira: Ni ma yanzu wayata ta yi ƙara.

Ɗanƙarami: Ke ce? Haba Yaya, ɗan'uwanki!

Barira: Ina na sani? Ba a nuna suna. Shayi a hannunku kuka shaida gishiri!

Ɗanƙarami: To turo mini rabin, don Allah. Illa zai sayar da babur ɗin, ga 'yan fada sun fara kirana, su ma nasu ya tafi.

Barira: Ka zo Mirriya ranar kasuwa, ka ɗaukar mini buhuna, mu yi magana.

Ɗanƙarami: Da me zan zo? Babu babur!

Barira: Ƙafa fa? Ko ita ma ka jinginar?

Ɗanƙarami: Yaya, tsaya, ga su nan a ƙofar gida, Suma'ila har da sanda... Alo? Alo! Kiredin waya ya ƙare!