Hannun Buhu da Kwalin Kofuna

A rumfar karɓar kaya ta tashar mota, wata mai sayar da tangaran ta ƙanƙame kwalinta, ta hana dattijon ɗan dako taɓawa. Ita dai idonta na kan hannuwan nan nasa, kowanne kamar shebur.

"Baba, na ga yadda ka wurga buhun can. Wannan fa kofuna ne."

"Hajiya, hannun ne ya saba. A da manyan motoci gare mu, siminti da hatsi, in jefa wani ya cafe. Da hanya ta lalace, mai ya yi tsada, maigida ya sayar da su ya sayo ƙanana. Yanzu sai turare da madubi."

"Ai dabara ya yi."

"Ta fisshe shi. Ni kuwa ya ce in na ƙara fasa wani abu, in koma gida. Wai in riƙa ɗaukar kaya kamar jariri."

"To ai da sauƙi. Ba ka da 'ya'ya?"

"Bakwai."

"Yadda ka ɗauke su, haka za ka yi."

Ya murza gammonsa.

"Ban taɓa ɗaukar ko ɗaya yana jariri ba. Uwarsu ba ta yarda. Ta ce hannun buhu gare ni."

Ta dube shi, ta dubi maigidan da ke leƙowa ta taga. Sai ta ɗora masa kwalin.

"Hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙeya. Manna shi a ƙirji. Kada ka yi sauri, barci yake."

Ya nufi motar yana sanɗa, har da ɗan lallaɓa kwalin sama da ƙasa.

"Baba," ta ce, "wannan ba ya son jijjiga."