Sammoren da Baba Yake Faɗa

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ina gaida masu sauraro.

Mahaifinmu ya rasu bayan babbar salla. Tun azumi yake ramewa, alhali yana cin abinci. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ce, "Sammore ne kawai." Mun ɗauka barkwancin tsofaffi ne, har dariya muke yi.

Bayan sadakar bakwai na tambayi Gwaggo, yayarsa da ke Madabo, ma'anar sammore. Ta ce, "Ciwon dawaki ne, 'yar nan. Da can in fatake sun tafi kudu sayo goro, ƙudan tsando kan ciji doki. Sai ya dawo gida yana cin ciyawa, yana tsaye, amma yana ƙarewa. Mai shi ya san ba zai yi rai ba."

Ashe sallama Baba yake yi mana.

Malam, har yau ban yi kuka ba. Ina girki, ina zuwa aiki, ba na jin komai. Don Allah, wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.

Daga Binta, Soron Ɗinki.