Ruwan Alwala da Tukunyar Dalma

Kuɗin motata akuya ce. Jar akuyar Inna, wadda ta ƙi saidawa ko shekarar da hatsi bai yi ba, ita ta ja da kanta zuwa kasuwar Urafan, ta dawo da igiya kaɗai a hannu. Ta ƙulle kuɗin cikin tsumma ta ce, "Lawali, ban ce ka komo da saniya ba. Ka komo da sana'a, ka komo da sallarka." Haruna, aje wayar nan. Kai ne mai tahiya bayan girbi, kai nike ba labarin. Kuma ku da kuke dariyar tsohon sarbetin goge jiki da ke wuyana, yau za ku ji inda ya hito.

Daga Tasawa sai Maraɗi, daga nan munka yi ta gangarawa kudu cikin kar, babbar motar haya, har ƙahwahuna sunka kumbura. Ranar da munka shiga Lome na ga teku. Ni da ban san ruwan da ya hi tabkin bayan gari ba, na tambayi na kusa da ni ina ɗaya gaɓar take. Har direba sai da ya yi dariya.

A zango na samu ɗaki wurin wata Madam Akuwa, mace mai baki kamar rediyo. Rigimarmu ɗaya ce kullum, ruwan buta a ƙohwar ɗakinta.

"Kai Nijar! Wa ya jiƙa mani nan?"

"Madam, alwala na yi."

"Kullum wanki, wanki, ba wanka! Ka haɗa su duka ka yi wanka guda mu huta!"

Ba muguwa ba ce. Ranar da masassara ta kada ni ita ta kawo mani koko.

Wani ɗan Mayahi, Idi mai shayi, shi ya kai ni atalye, wato shagon aiki, wurin wani tsoho Papa Kwasi. Ina shiga na ga tulin ƙwayoyi a ƙasa, jajaye, koraye, shuɗɗa, masu nauyi, kowace kamar kan yatsa. Na ja rigar Idi na ce, "Harsashi suke yi nan? Ni ba da ni ba." Idi ya ce, "Baƙauye! Dalmar taru ce." Ashe masunta ke ɗaura su a bakin taru don ya nutse. Amma ban yi ƙarya sosai ba. Wata rana wani mai baƙin tabarau ya zo yana ƙus-ƙus, wai a zuba mashi na ƙaramar bindiga, zai biya da kyau. Papa Kwasi ya bi shi har titi da ludayin ƙarhe yana cewa, "Nawa kihi suke kamawa!" Tun ranar na ji tsohon ya kwanta mani a rai.

Aikin da daɗi, in gaya maku. Ka narka tsohuwar dalma cikin tukunyar ƙarhe, ka kwashe dattin da ya taso, ta yi ƙyalli kamar azurhwa. Ka ɗumama abin zubin, su suna ce mashi mul, ka zuba, ka buga, ƙwayoyi su zubo. In sun huce ka sa su cikin roba da garin launi, ka ruhe ka yi ta girgizawa har garin ya kama jikinsu, sa'annan a gasa. Ranar hwarko Papa ya ce in kai su "hur". Na yi ta waige ina neman ƙwarya da nono. Ashe tanda yake nuhi. Har na bar garin ana kirana Mai Hura. Kowane jirgin masunta da launinshi, don in taru ya sarƙe da na wasu a gane mai shi ba sai an yi dambe ba.

Dokokin Papa biyu ne. Ba a cin komi, ko goro, sai an hita waje an wanke hannu da sabulu, don dalma guba ce mai shiga a hankali. Ta biyu kuwa, da Hausarshi ta zango yake hwaɗinta: "Ruwa da tukunya, babu aboki." Na ji, amma na ɗauka ruwan bokiti yake nuhi.

To, ku ba ku tarar da kakanku ba. Baba, Allah ya jiƙan shi, bai taɓa goge ruwan alwala ba. Yakan ce kowane ɗigo lada ne, a bar shi ya bushe da kanshi. Haka munka tashi. Ni a wurina goge alwala kamar zubar da abinci ne.

Ran nan ana zahi, aiki ya yi yawa. Na yi azahar a gurguje, na sake watsa ruwa a huska da hannuwa kamar yadda na saba, na komo ina ɗiga. Na ɗauki ludayi. Ruwan ya bi damtsena, ya bi mariƙin, ya taru a cikin ludayin, ni ban gani ba. Na tsoma.

Ƙarar da na ji, na ce an harbe ni. Dalma ta yi tsalle har kwanon ruhi. Ga shi nan, ku duba hannuna, wannan tabon nata ne. Rigar Papa ta huje a kahwaɗa, Allah ya tsare idonshi. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Shi ya ɗaure mani hannun da kanshi, sa'annan ya ce, "Lawali, ko tukunya ko buta. Je ka yi tunani."

Na koma zango kamar an yi mani mutuwa. Abu biyu Inna ta aike ni, ga shi an ce in zaɓi guda. In na bar aikin, akuyarta ta tahi a banza. In na bar salla, da wace huska zan shiga gida? Na yi kuka, ba ni jin kunyar hwaɗi. Madam Akuwa ta leƙo ta ga ƙohwarta a bushe, ta ce, "Yau ba wanki?"

Idi ya ce in je wurin limamin masallacinmu, wani dattijo Bakatsine. Washegari bayan la'asar na tsuguna na hwara bayani. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Kai ne yaron mai dalma?"

"Ni ne, Malam."

"Ai maigidanka ya riga ka zuwa. Da sahe ya tsaya can bakin ƙohwa, hula a hannu, yana tambaya ko addininku ya hana mutum ya goge jiki. Na ce mashi bai hana ba. Alwalarka tana nan ko ka goge. Abin da babanka ya yi mai kyau ne, amma shi gona yake ɗiga mawa, kai wuta."

Tsohon da na ƙona ma riga, wanda ba ya salla, shi ya tako har masallaci don kar ya rasa ni, kar kuma in rasa abin da na zo da shi.

Washegari na isa atalye, na tarar an kahwa ƙusa a bakin ƙohwa, an rataya sarbeti sabo, ruwan ɗorawa. Da anka kira azahar Papa ya rage wuta da kanshi ya ce, "Je ka wanki." Da na komo ya tare hanya, ya kama ɗan gemuna ya murza, ya duba yatsunshi, sa'annan ya matsa. Haka ya yi mani kullum har na zama ni ke riƙe da tukunya. Ba zan ɓoye maku ba, ranar hwarko da na sa sarbetin a huska sai na ji kamar Baba nike gogewa. Daga baya zuciyata ta kwanta.

Da zan taho ya ba ni ludayin nan da ya kori mai tabarau da shi, ya ce in ɗauki sarbetin, ba mai amfani da shi bayana. Nan ba teku, ba taru, shi ya sa na juya zubin zuwa tukwane da ludayan sanholo da kuke gani ina kaiwa kasuwa. Hannun ɗaya ne, dokar ma ɗaya ce. Ban yi kuɗi ba, amma ban taɓa rasa na hatsi ba, alhamdu lillahi.

Na shigo gida da jar akuya a igiya, ina jiran Inna ta yi guɗa. Ta dube ta sau guda ta ce a ɗaure ta inuwa. Ni take kallo. Da azahar ta yi na ɗauki buta, ta jawo tabarma ta zauna kusa. Na gama, na jawo sarbeti, na ga huskarta ta canza.

"Wa ya koya maka goge alwala? Ba ubanka ba."

Na naɗe hannun riga na nuna mata tabon, na ba ta labari kamar yadda na ba ku. Ta daɗe tana shahwa wurin da yatsa.

"Sallar dai tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Sana'ar hwa?"

"Ita ma."

Sai ta karɓi sarbetin daga hannuna, ta kama kaina ta sunkuyar kamar ina ɗan yaye, ta goge mani bayan kunne.

"Ka bar ruwa a nan," in ji ta.