Furen da Barewa Ba Ta Ci

A rumfar mai sayar da iri a kasuwar garin Pangandaran, Abah Sarkim yana ta jujjuya ƙullin irin fure, sai wata mata da bai sani ba ta leƙo.

"Baba, wannan ai abincin barewa ne. Ɗauki rawayan, mai warin nan."

"Bareyin nan sun gama da ni, 'yata. Lambun marigayiya matata ne. Duk abin da na shuka, sai su fito daga daji su kwashe. Har gashi na roƙo wajen wanzami na rataya, wai yana korarsu."

"Naka ina ya tafi?"

Ya shafa sanƙonsa yana dariya. "Marigayiya ce ta cinye shi da surutu."

"To, kewaye lambun da mai warin. Ba za ka ƙara ganin ko kofato ba."

Dariyar ta ɗauke. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Akwai wata gurguwa a cikinsu. Marigayiya ce ke ba ta ganyen rogo a hannu. Har yau tana zuwa ta tsaya bakin madafa, tana jira."

Matar ta miƙa masa ƙullin mai warin.

"Kewaye gefe uku, Baba. Ka bar mata hanya."