Wanda Ya Ja Layin

A shagon kago na unguwar Deira, inda ake aika kaya gida, Hajiya Mahfuza ta baza kunne tana sauraron wasu maza biyu, baƙin juna.

"Malam, wannan huci fa?"

"Alhaji, ofishinmu na gwamnati ya sake shata yankunan albashi. Duk mazaunin bayan unguwar Al Qusais an rage masa alawus."

"Wane mara imani ya ja layin?"

"Ga shi kusa da kai. Na karkata shi don Bashar, abokin aikina mai taƙama, ya faɗa waje."

"Ai ka yi nasara."

"Ranar da aka sa hannu maiɗakina ta samo mana gida mai rahusa a bayan layin, har ta biya shekara. Khalas, shi ke nan! Bashar ne a benen samanmu. Shi yake rage mini hanya kullum."